Yadda Ake Tsara Kiwo a Kwarin Tsauni Ba Tare da An Kashe Rafi da Ciyawa Ba

Kukan da masu kiwo a tsakanin duwatsu suka fi kawo mini kusan iri ɗaya ne. Fili ga shi nan da faɗi, ciyawa na tsaye a kan gangare har ta bushe ba a taɓa ta ba, amma bakin rafi ya zama fako, gaɓa tana zubewa, ruwan da a da ake hango tsakuwar ƙasansa ya koma jar laka. Daga nan sai a tambaye ni wace irin waya za a saya a yi shinge. Nakan ce a ajiye maganar waya tukuna. Saniya ba ta son hawa, ba ta kuma son nisa da ruwa. In ka bar ta da zaɓinta, a gindin kwari za ta wuni, ta ci abin da ke wurin har ƙasa, ta kwanta a kai. Saboda haka jigon aikin shi ne ka ɗauke wurin shan ruwa daga bakin rafi, ka kai shi inda kake so garke ya je. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

1. Taka filin da ƙafarka

Ka tanadi littafi da biro, wayar hannu mai ɗaukar hoto, tef na awo, da sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 1. Sau biyu za ka zaga filin: sau ɗaya a tsakiyar rani, don ka ga ruwan da ba ya ƙafewa, sau ɗaya kuma washegarin ruwan sama mai ƙarfi, don ka ga inda ruwa ke bi da inda yake kwashe ƙasa. Ka zana taswira ko da ba ta yi kyau ba. Ka sa mata kowane idon ruwa, kowane kwazazzabo, hanyoyin da dabbobi suka tattake, da wuraren inuwa.

Sai ka auna tsinin gangare. Ka ɗora kan sandar ɗaya a ƙasa, ka daidaita ta a kwance tana kallon gangara, ka auna tazarar da ke tsakanin ɗaya kan da ƙasa. Santimita 20 na nufin gangare mai kashi 20 cikin 100. Da wannan za ka raba filin gida huɗu a taswira: shimfiɗaɗɗen wuri da bai wuce kashi 10 ba, gangare mai sauƙi daga 11 zuwa 30, mai wuyar hawa daga 31 zuwa 60, da wanda ya haura 60.

Gargaɗi: kafin ka kafa diga a kan wani ruwa, ka binciki dokar ruwa ta inda kake, ka kuma zauna da waɗanda ke ƙasa da kai a kwarin. Rafin da ya ratsa filinka ba a nan ya ƙare ba, kuma rigimar ruwa ta fi rigimar iyaka daɗewa.

2. Auna ruwan da kake da shi

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam sai an ɗauko mudun. Ka tara abin da idon ruwan ke fitarwa ya bi ta guntun bututu ɗaya, ka tara bokiti mai lita 20, ka duba agogo. In ya cika cikin minti 10, kana samun lita 2 a minti, wato lita 2,880 a kwana guda. Mutane da yawa sukan raina irin wannan ɗigon, alhali babbar saniya tana shan lita 30 zuwa 60 ne a rana, gwargwadon zafi da girman jikinta. Mai shayarwa takan wuce haka, tunkiya ko akuya kuwa lita 4 zuwa 10 sun ishe ta. Shanu 20 a kan lita 50 kowacce, lita 1,000 ke nan. Ɗan idon nan da ka raina ya ɗauke su, har da ragi.

Gargaɗi: awon ƙarshen rani shi ne awo. Wanda ya yi lissafi da ruwan damina zai gina tankin da zai zauna wayam a daidai lokacin da ake bukatarsa. Ni a tsarina ba na ɗibar fiye da rabin abin da ido ke fitarwa, sauran in bar shi ya bi hanyarsa.

3. Ƙirga ciyawa kafin ka ƙirga shanu

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, don amsar da yake bayarwa ba ta cika yin daɗi ba.

A ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ta gama tsayi, ka haɗa katako huɗu ko guntayen bututu su ba ka murabba'i mai mita 1 kowane gefe. Ka jefa shi a wurare 10 ko fiye a kowane irin fili, ba tare da ka zaɓi inda ya fi lif ba. Ka yanke ciyawar da ke ciki da lauje, ka cire wadda dabba ba ta ci, ka shanya sauran har ta bushe ƙayau, ka ɗora a sikeli. Ka fitar da matsakaicin nauyi a giram, ka ninka sau 10, abin da ya fito shi ne kilon busasshiyar ciyawa a hekta ɗaya. Giram 150 na nufin kilo 1,500.

Ba duka ne na saniya ba. Rabi za a bar wa tsiron da ƙasa, domin da ganyen da ya rage ne ciyawa ke ciyar da saiwarta ta sake tohowa. Kashi ɗaya cikin huɗu yana tafiya a tattakewa da cin ƙwari. Abin da ke shiga cikin dabba kashi ɗaya cikin huɗu ne, wato kilo 375 a misalinmu. Saniya tana cin kimanin kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta a busasshen abinci kullum, don haka mai kilo 300 tana bukatar kilo 7.5. Ka ga hekta ɗaya ta riƙe ta kwana 50 ke nan.

Yanzu sai ka dawo kan taswira, domin hektar gangare ba daidai take da ta shimfiɗaɗɗen wuri ba. Ƙa'idar da masana kiwo ke aiki da ita ga shanu ita ce: gangare mai kashi 11 zuwa 30 a rage masa kashi 30 cikin 100, mai 31 zuwa 60 a rage kashi 60, wanda ya haura 60 kuwa kada a sa shi a lissafi sam. Haka ma nisa da ruwa: abin da ke tsakanin kilomita 1.6 da 3.2 daga mashaya a ɗauki rabinsa, abin da ya wuce nan a ɗauka babu shi. Tumaki da awaki sun fi shanu iya hawa, shi ya sa gauraya garke ke da riba a irin wannan ƙasa.

A ce bayan duk ragin nan an tashi da hekta 40. Kilo 15,000 ke nan, abincin saniya ɗaya na kwana 2,000, ko na shanu 10 na kwana 200. In kana da 25 a filin, ka san dalilin da ya sa rafinka ya koma laka, kuma babu wayar da za ta gyara wannan.

4. Kama idon ruwa, ka kai shi kwami

Nan ne mafi yawan kuɗinka zai tafi, nan ne kuma ya cancanci ya tafi. Alherin da tsauni ke yi maka shi ne gangara: ruwan da ya fito daga sama zai kai kansa ƙasa ba inji ba mai. Don haka ka fara neman idon da ya fi kwamin da kake son kafawa tudu, ko da ƙarami ne.

Ka haƙa a hankali da shebur daidai inda ruwa ke fitowa, har ka ga bakin jijiyar. Ka zuba wankakkiyar tsakuwa, ka shimfiɗa guntun bututu mai huji-huji a cikinta, ka tare gaban da ɗan bango na siminti ko na yumɓu da aka daddaɓe. Ruwan ya zubo cikin ƙaramin akwati mai murfi, inda yashi zai kwanta. Akwatin yana bukatar ƙofa uku: ta fitar ruwa zuwa bututu mai ɗan raga a bakinta, ta wanke laka a can ƙasa, da ta ambaliya. Ka rufe tsakuwar da leda mai kauri da ƙasa, ka yi ɗan lambatu a sama da wurin don ruwan sama ya kauce masa, sannan ka zagaye wurin duka da shinge.

Gargaɗi: ƙofar ambaliya ta kasance ƙasa da bakin jijiyar. In ruwa ya taru ya danne idon, zai nemi wata hanya ya ɓulla a wani wuri, kuma ba lallai ya dawo ba. Kada kuma ka sa injin haƙa ko nakiya a idon ruwa.

Daga akwati bututu zai tafi tanki, daga tanki zuwa kwami. Tankin ya ɗauki shan kwana 2 zuwa 3, domin shanu tare suke zuwa sha, ɗigon ido kuwa ba zai bi saurinsu ba. Baƙin bututun roba mai naɗuwa shi ya fi dacewa da ƙasa mai duwatsu. A jikinsa za ka ga an rubuta PN6 ko PN10: na farko yana jure gangarar kimanin mita 60, na biyu kimanin mita 100. In gangarar ta fi haka, ka sa ƙaramin buɗaɗɗen tanki a tsakiyar hanya don ya karya ƙarfin ruwan, in ba haka ba mahaɗai za su riƙa fashewa.

Ka binne bututun, aƙalla zurfin santimita 30 zuwa 45, inda ƙasa ke daskarewa kuwa sai an wuce iyakar daskarewar. Ni na taɓa jin ƙyuyar haƙa na bar shi a fili. Da rana ruwan ya riƙa zuwa kwami da zafi kamar na wanka, shanu suka sunsuna suka juya suka nufi rafi, daga baya wutar daji ta zo ta lashe rabinsa. Wani abin da ke sa mutum ya yi ta zargin idon ruwa a banza shi ne iska: duk inda bututu ya hau ɗan tudu ya sake sauka, iska na taruwa a ƙololuwar ta toshe ruwa. Ka sa makunnin fitar da iska a irin wannan wuri, da na zubar da laka a wurin da ya fi kwari.

Kwamin ya zauna a kan busasshen wuri mai tauri a jikin gangare, nesa da rafi, inda zai yiwu a kan iyakar biyu ko uku daga yankunan kiwon da za ka raba filin a mataki na 6 don ya yi musu aiki tare. Ka sa masa makunnin nan mai ƙwallon roba da ke rufe ruwa da kansa idan ya cika, ka kāre shi da katako don kada ƙaho ya karya shi. Ka zuba tsakuwa ko marmara mita 2 zuwa 3 kewaye. Ka jingina ɗan katako ko raga a ciki don tsuntsu ko ƙaramar dabbar da ta faɗa ta samu mafita, maimakon ta ruɓe ta ɓata ruwan.

In babu ido a sama, famfo mai aiki da hasken rana zai tura ruwa daga rafi zuwa tanki a kan tudu, daga nan gangara ta raba shi.

5. Killace rafi

Sai ruwa ya fara zuba a kwami, shanu sun saba da shi, sannan a rufe rafi. Wanda ya juya wannan jerin zai wayi gari ya tarar da shingensa a kwance.

Ka bar tazarar aƙalla mita 5 zuwa 10 a kowace gaɓa, fiye da haka inda gaɓar ke da tsini, kuma ka kafa turakun bayan alamar da ambaliya ta bari, wato inda ka ga tarkacen ciyawa ya maƙale a jikin itatuwa. In dole ne garke ya tsallaka, ka zaɓi wuri ɗaya mai ƙasa mai tauri inda rafin ya miƙe, ka shimfiɗa duwatsu, ka ƙuntata shi yadda dabba za ta wuce ba za ta tsaya hira ba.

Ribar wannan ba ta rafi kaɗai ba ce. A dausayi da taɓo ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar hanta ke rayuwa, kuma tsayuwa cikin laka na kawo ruɓewar kofato. Bayan shekara biyu ko uku, idan gaɓa ta rufe da tsiro, ana iya buɗe wa dabbobi na 'yan kwanaki a lokacin da ƙasa ta bushe, a fitar da su tun ciyawar na da tsawon santimita 10 zuwa 15.

6. Raba filin, ka riƙa juya garke

Shinge ya bi gangare a kwance, ya raba gindin kwari da jikin tudu. In ka haɗa su a yanki ɗaya, kwarin za a cinye a bar tudun. Ka guji dogon shingen da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, domin shanu na son bin gefen shinge, hanyar da suka tattake kuwa ita ce kwazazzabon baɗi.

Yawan yankuna lissafi ne mai sauƙi: kwanakin hutu a raba da kwanakin kiwo, a ƙara 1. Hutun kwana 40 da kiwon kwana 5 na bukatar yanki 9. Lokacin da ciyawa ke tashi da sauri hutun kwana 30 zuwa 45 ya wadatar, idan ta ja baya sai a kai 60 zuwa 90. Kada zaman garke a yanki ɗaya ya wuce mako, domin cikin 'yan kwanaki sabon toho ke fitowa, kuma cizo na biyu a kan wannan tohon shi ke kashe ciyawa mai kyau ya bar marar amfani.

Ba sai ka gina tara ɗin a shekara ɗaya ba. Ka fara da uku ko huɗu. Wayar shinge ta lantarki mai batir da faifan hasken rana, wadda ke ɗan jan dabbar da ta taɓa ta, ta fi arha nesa ba kusa ba a kan waya mai ƙaya, kuma mutum ɗaya na iya matsar da ita. Makiyayi mai sanda da ya san iyakar kowane yanki ma yana yin aikin, in har zai tsaya a kan tsarin.

Gargaɗi: yawancin wayar lantarkin da aka ce ba ta aiki, ƙarfen da aka kafa a ƙasa aka haɗa na'urarta da shi ne matsalarta. A busasshiyar ƙasa mai duwatsu ka kafa ƙarafa uku a wuri mai danshi, da tazarar mita 3 tsakaninsu.

Game da jerin shiga, ka fara da ƙananan gangare masu samun rana, waɗanda ke bushewa da wuri, ka riƙa hawa yayin da ciyawar sama ke nuna, don can ya fi sanyi kuma tohonsa na makara. Gindin kwari ka ajiye shi ya zama rumbunka na ƙarshe. Kada a shiga da garke lokacin da yake jiƙe: in ka taka sawunka ya nutse ya tara ruwa, kofato zai yi abin da ya fi haka. Kuma yankin da aka fara da shi bana kada a fara da shi baɗi.

7. Gishiri

Kada ka ajiye gishirin lasa kusa da ruwa. Ka kai shi aƙalla mita 400 daga kwami, can inda ciyawa ke tsaye ba a ci, ka nuna wa garke wurin sau ɗaya, ka kuma sauya masa wuri kafin ƙasan ya zama fako.

8. Ɗinke kwazazzabai

Daga sama ake farawa. Kwazazzabo alama ce ta ruwan da ya taho da gudu daga tudun da ba shi da sutura, don haka a fara hutar da tudun, a jera duwatsu a layi a kwance don su rage wa ruwan gudu.

Don samun layin da ya daidaita, ka haɗa sanduna biyu masu mita 2 a sama, ka gicciya ta uku a tsakiya, su yi siffar harafin A. Ka rataya igiya mai dutse daga ƙololuwa. Ka tsayar da shi, ka yi alama inda igiyar ta taɓa sandar gicciye, ka musanya ƙafafun a gurbin juna ka sake alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce daidai. Duk inda igiya ta tsaya a kanta, ƙafafun biyu suna tsayi ɗaya. Ka riƙa juya shi kana kafa turaku, layi zai fito. A bayan duwatsun ka dasa ciyawa mai zurfin saiwa irin jema.

A cikin kwazazzabon kuwa ƙananan shingayen dutse masu yawa sun fi babba ɗaya. Kowanne kada ya wuce gwiwa, tsakiyarsa ta fi gefensa ƙasa, gefen ya shige cikin gaɓa, a kuma shimfiɗa duwatsu a ƙasansa inda ruwa zai faɗo. Kan na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama da shi. Ba so ake ya tare ruwa ba, so ake ya tsayar da laka har ciyawa ta kama.

Gargaɗi: kada ka haƙa ramukan tara ruwa a kan gangare mai tsini. Ƙasar da ta sha ruwa ta yi nauyi tana iya zaftarewa gaba ɗaya.

9. Ban ruwa ga ciyawar yanka

In kana shayar da wani yanki na kwarin don yin ingirici, ka ba shi ruwa ka ɗauke, kada ka bar shi yana kwance kwana da kwanaki. Ka soka ƙarfe a ƙasa: inda ya tsaya da shiga nan danshi ya tsaya, kuma da ya kai zurfin saiwa sai a juya ruwan gaba. Ka daina shayarwa kwanaki kafin yanka don ƙasa ta ɗauki nauyin masu aiki.

10. Jerin kashe kuɗi, da ranar yanke shawara

In aljihu bai kai a yi duka lokaci ɗaya ba, ga jerin da nake bi: akwatin ido da shingensa, sai bututu da tanki da kwami ɗaya, sai shingen rafi a wurin da ya fi lalacewa, sai rabon yankuna. Aikin dutse ƙarfi yake ci ba kuɗi ba, ana yin sa da rani. Inda bai kamata a yi tsimi ba shi ne kaurin bututu da mahaɗansa, don tono na biyu ya fi na farko tsada.

Ka kafa turaku 5 ko 6 na dindindin, ka riƙa ɗaukar hoto daga kowanne, kana fuskantar waje guda, a daidai makon da ka saba a kowace shekara. Ka ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, ka auna zurfin ruwan da ya tara bayan kowane ruwan sama, ka rubuta. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, don haka ruwan milimita 20 ya zuba lita 200,000 a kowace hekta. Tambayar kullum ita ce nawa ya nutse, nawa ya gudu.

Sannan tun kafin damina ka rubuta wata rana a littafin, wajen tsakiyar lokacin tashin ciyawa. In ranar ta zo ruwan da ka auna ya gaza na shekarun baya sosai, ciyawa kuma ba ta kai inda ta saba ba, ka sake lissafin mataki na 3 da abin da ke ƙasa, ka rage garke tun dabbobin na da jiki. Tsofaffi da waɗanda ba su ɗauki ciki ba su ne farkon fita, sai bijiman da ba a bukata, matasan mata masu haihuwa su zama na ƙarshe.